Yadda Ake Neman Digiri na Biyu a Fannin Manyan Kwamfutoci Masu Saurin Lissafi a Ƙasar Waje

Hasashen yanayi na kwanaki goma masu zuwa, da gwajin fiffiken jirgin sama tun ba a ƙera shi ba, da binciken yadda sabon magani zai kama ƙwayar cuta, da horar da manyan manhajojin ƙirƙirarriyar basira, duk lissafi ne da ya fi ƙarfin kwamfuta guda. Abin da ake yi shi ne a haɗa dubban kwamfutoci da wayoyi masu saurin gaske, a raba musu aikin, kowace ta kama yankinta, suna miƙa wa juna sakamako har a kammala. Sanin yadda za a raba wannan aiki ba tare da asarar lokaci da wutar lantarki ba shi ne fannin HPC (High Performance Computing), kuma jami'o'in da ke ba da digiri na biyu a kansa kai tsaye ba su da yawa a duniya.

Tun 1993 ake fitar da jerin TOP500 na kwamfutoci mafiya ƙarfi, sau biyu a shekara, a Yuni da Nuwamba. A jerin Yunin 2022 ne Frontier ta cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka ta zama ta farko da ta haura lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa ɗaya. Irin waɗannan na'urori na buƙatar mutanen da suka iya sarrafa su, kuma masu iyawar sun yi kaɗan. Ga matakan da mai son shiga sahunsu zai bi.

Mataki na farko: ka tabbata wannan fannin kake nufi

Akwai fannoni uku da ke maƙwabtaka, kuma ɗalibai na yawan rikita su. Na farko shi ne HPC tsantsa, inda damuwarka ita ce manhaja ta yi gudu a kan ƙwayoyin lissafi (cores, wato sassan furosesa da ke yin lissafin) dubu goma kamar yadda ya kamata. Na biyu shi ne kimiyyar lissafin kwamfuta, wanda ake samu da sunaye irin su Computational Science and Engineering, inda rabin karatun lissafi ne mai zurfi, rabi kuma rubuta manhaja. Na uku kimiyyar bayanai ce, wadda ta fi karkata ga ƙididdiga da koyar da na'ura. In burinka ka gina manhajar waya ko shafin intanet, babu ɗaya daga cikinsu da ya dace da kai. In kuwa kai ne mutumin da zai kwana yana neman dalilin da ya sa lissafin da ya kamata ya ɗauki minti biyu yake ɗaukar ashirin, to ka zo gida.

Ba dole sai wanda ya karanta kimiyyar kwamfuta ba. Masu digirin fiziks, lissafi, injiniyanci da kimiyyar sinadarai sukan cika ajujuwan nan, kuma sau da yawa su ne ke da matsalar gaske da suke son warwarewa da babbar na'ura.

Mataki na biyu: ka gyara hannunka kafin ka cika fom ko ɗaya

Nan ne akasarin masu nema ke yin sakaci, don haka zan daɗe a kai. Kwas ɗin shekara ɗaya ba ya jiran kowa. Tun makonnin farko za a ba ka aikin raba lissafi tsakanin ƙwayoyi da yawa, kuma ana ɗauka ka riga ka iya rubuta manhaja. Wanda ya je yana koyon C a daidai lokacin da ake koyar da MPI, tsarin da kwamfutoci ke aika wa juna saƙonni da shi, zai sha wuya ƙwarai.

Abubuwa huɗu ake so su zauna a hannunka. Linux, har ka iya yin komai ta rubuta umarni ba tare da danna hoto ba, ka shiga wata kwamfuta daga nesa da SSH, ka rubuta ɗan gajeren rubutun Bash. Sai harshen C ko C++, musamman yadda ake sarrafa ma'adanar bayanai da hannu. Kada ka raina Fortran don tsufansa, domin har gobe manyan manhajojin hasashen yanayi da na fiziks da shi aka rubuta su, kuma wanda ya iya shi ba ya rasa mai nemansa. Python na da amfani wajen zana jadawali da haɗa ayyuka, amma shi kaɗai ba zai kai ka ba. Na uku shi ne Git, manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen da ka yi wa rubutun manhajarka. Na huɗu lissafi: aljabarar jadawalin lambobi, da kalkulas, da ɗan sanin yadda kwamfuta ke taƙaita lambobi masu ɗigo har kuskure ya taru.

Bayan haka sai ka yi aiki guda ɗaya na kanka wanda za ka nuna. Ga wanda nake ba da shawara, don ƙarami ne amma ya ƙunshi kusan duk abin da fannin ke magana a kai. Ka ɗauki farantin ƙarfe mai kusurwa huɗu da aka ɗumama gefensa ɗaya, ana so a san yadda zafi zai bazu a cikinsa. Ka raba farantin zuwa ɗigo-ɗigo, misali 2,000 a tsaye 2,000 a kwance. A kowane zagaye, sabon zafin kowane ɗigo shi ne matsakaicin zafin maƙwabtansa huɗu. Ka yi ta maimaitawa har lambobin su daina canzawa sosai.

Ka fara rubuta shi da C a kan ƙwayar lissafi ɗaya, ka auna lokacin da ya ɗauka. Sannan ka sa OpenMP, wanda ke raba zagayen tsakanin ƙwayoyin da ke cikin kwamfuta guda. Layi ɗaya ko biyu kawai za ka ƙara. Ka auna a kan ƙwaya 1, da 2, da 4, da 8 in kwamfutarka na da su. Daga nan ka sake rubuta shi da MPI, inda za ka yanka farantin gida-gida, kowane yanki da ma'adanarsa, kuma dole a kowane zagaye su aika wa juna lambobin da ke bakin iyakarsu. A nan za ka fara gamuwa da ainihin ciwon kan fannin: yankuna biyu kowanne ya tsaya yana jiran saƙon ɗan'uwansa, manhaja ta sandare ba tare da ta ce uffan ba.

Da ka zana jadawalin saurin, za ka ga abin da bai yi maka daɗi ba. Ƙwayoyi takwas ba za su ba ka sauri ninki takwas ba. Wataƙila ka samu ninki uku ko huɗu, layin ya kwanta. Wannan kwanciyar ita ce abin da ya fi daraja a aikin, in har ka iya bayyana dalilinta. Wani ɓangare dokar Amdahl ce, wadda Gene Amdahl ya gabatar a 1967: in kashi 5 cikin 100 na aikin ba ya rabuwa, ko ƙwayoyi miliyan ka zuba ba za ka wuce ninki 20 ba, kuma a kan ƙwayoyi 100 abin da za ka samu bai kai ninki 17 ba. Amma a irin wannan lissafin na faranti, babban dalilin yawanci shi ne hanyar da bayanai ke bi daga ma'adana zuwa furosesa ta cika, ƙwayoyin na zaune suna jiran lambobi su iso. Ka rubuta wannan bayani a shafi guda, ka ɗora komai a GitHub, shafin da ake wallafa manhajoji. In kana son ƙari, Google Colab na ba da GPU, wato furosesar hoto mai tarin ƙananan ƙwayoyin lissafi, kyauta na ɗan lokaci, kana iya gwada sigar CUDA, tsarin rubuta manhajar GPU, a can.

Kayan koyo kyauta ne. Darussan HPC Carpentry, da na cibiyar Lawrence Livermore a kan MPI da OpenMP, da kwasa-kwasan ARCHER2, na'urar bincike ta Birtaniya, duk suna intanet a buɗe. Wata uku zuwa shida na aiki a kai a kai sun isa ga wanda ya riga ya san rubuta manhaja.

Mataki na uku: ka zaɓi makaranta ta hanyar duba na'urarta da masu kula da ita

Matsayin jami'a a jerin jami'o'in duniya ba ya gaya maka komai game da wannan fanni. Tambayar da za ka yi ita ce: wace na'ura ɗalibai ke taɓawa, kuma masu koyarwa su ne ke gudanar da ita ko kuwa a littafi suka san ta? Jami'a mai babban suna da ba ta da cibiyar lissafi a kusa za ta koya maka MPI a allo. Wata da ba a cika jin sunanta ba za ta ba ka asusun shiga na'urar ƙasa tun makon farko.

A Birtaniya, cibiyar EPCC ta Jami'ar Edinburgh, wadda aka kafa a 1990, ita ce ta fi shahara. Tana ba da digiri na biyu na wata 12 a HPC, da wani da aka haɗa da kimiyyar bayanai, har da sigar da ake yi ta intanet a hankali cikin shekaru ga mai aiki. Ita ce ke riƙe da ARCHER2, na'urar bincike ta ƙasar, mai kwamfutoci 5,860, kowace da ƙwayoyin lissafi 128, jimla sama da 750,000. Ma'aikatan da ke taimaka wa masu bincike a kan na'urar su ne ke shiga aji. A Ailan, Trinity College da ke Dublin na da nata digirin na shekara ɗaya a ƙarƙashin sashen lissafi, kuma nauyin lissafinsa ya fi yawa.

A Italiya akwai shirin MHPC a birnin Trieste, haɗin gwiwar SISSA da ICTP, cibiyar da Abdus Salam ya kafa a 1964 domin masana kimiyya na ƙasashe masu tasowa. Ajin ƙarami ne, aikin hannu ya yi yawa, kuma ICTP kan ware tallafi ga 'yan ƙasashe masu tasowa. A ganina wannan shiri bai samu kulawar da ta kamace shi ba daga masu neman karatu, alhali na'urar Leonardo ta cibiyar CINECA na nan Bologna a ƙasar.

Jamus ta fi kowa yawan zaɓi, sai dai da wuya ka ga kwas mai suna HPC kai tsaye. Ka nemi Computational Science and Engineering a Jami'ar Fasaha ta Munich, wadda ke maƙwabtaka da cibiyar LRZ mai na'urar SuperMUC-NG, ko Computational Engineering a Erlangen, inda ake da ƙwararru a fannin matse sauri daga furosesa, ko Simulation Sciences a Aachen, kusa da Jülich inda aka girke na'urar JUPITER. Stuttgart na da cibiyar HLRS, mai alaƙa da masana'antar motoci. Duk waɗannan shekara biyu ne, kuma da yawansu da Turanci ake koyarwa. A Sifen, jami'ar UPC ta Basalona na tafiya kafaɗa da kafaɗa da cibiyar BSC mai na'urar MareNostrum 5. Akwai kuma EUMaster4HPC da aka fara a 2022 ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Luxembourg, inda ɗalibi ke yin shekara ɗaya a wata jami'a, ta biyu a wata ƙasar daban. Ka karanta sharuɗɗansa na ɗan ƙasa da kyau kafin ka sa rai da tallafinsa.

Amurka tsarinta daban ne. Digiri na biyu da tsada, tallafi kaɗan, amma ana shiga digirin digirgir kai tsaye da digirin farko, kuma galibi jami'a ce ke biyan kuɗin makaranta ta kuma ba ka albashin mataimakin bincike ko koyarwa. Wuraren dubawa sun haɗa da Jami'ar Texas a Austin mai cibiyar TACC, da Jami'ar Illinois mai NCSA, da Georgia Tech, da Jami'ar Tennessee a Knoxville, inda Jack Dongarra, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro jerin TOP500 kuma wanda ya ci kyautar Turing ta 2021, ya kafa cibiyarsa. Sai dai ka sani shekara biyar ko fiye za ka ba da.

A Saudiyya, jami'ar KAUST da ke Thuwal a gaɓar Bahar Maliya na da na'urar Shaheen III, da Turanci take koyarwa, kuma wanda ta ɗauka tana ɗauke masa kuɗin makaranta da masauki, ta kuma ba shi alawus duk wata. Japan na da Fugaku a birnin Kobe, wadda ta hau saman TOP500 a 2020, kuma ana zuwa can ta tallafin gwamnati na MEXT. A Afirka, cibiyar CHPC ta Cape Town da na'urar Toubkal ta jami'ar UM6P a Maroko sun isa a duba su.

Ka fitar da makarantu biyar ko shida, ka buɗe jerin darussan kowace. In ba ka ga darasin MPI, da na OpenMP ko makamancinsa, da na GPU, da na auna sauri da gyara shi ba, ka cire ta. Sannan ka duba taken binciken da ɗaliban baya suka yi, domin wasu cibiyoyin na wallafa su. In ka ga ayyukan da aka gwada a kan dubban ƙwayoyin lissafi, ka san ana ba ɗalibai na'ura da gaske. Ba laifi ka aika wa jami'in kwas ɗin gajeriyar wasiƙa ka tambaya kai tsaye: a wace na'ura ɗalibai ke yin aikin aji?

Mataki na huɗu: kuɗi

A manyan jami'o'in Birtaniya kuɗin makarantar ɗalibin waje a irin wannan kwas ya haura fam 30,000 a shekara, ban da ci da sha da haya. A Jamus yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta sai 'yan ɗaruruwan yuro na hidimar zango, amma akwai togaciya biyu da suka shafi wannan fanni kai tsaye. Jihar Baden-Württemberg, inda Stuttgart take, na karɓar yuro 1,500 kowane zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba tun 2017. Jami'ar Fasaha ta Munich kuma ta fara karɓar yuro 4,000 ko 6,000 kowane zango a digiri na biyu daga zangon hunturun 2024.

Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya na ɗaukar nauyin digirin shekara ɗaya gaba ɗaya, amma yana buƙatar gogewar aiki ta sa'o'i 2,800, wato kimanin shekara biyu, kuma dole ka koma ƙasarka na shekara biyu bayan kammalawa. Masu tantancewarsa ba masana kwamfuta ba ne, jagoranci da amfanin jama'a suke nema. Saboda haka kada ka cika musu kunne da sunayen na'urori. Ka nuna musu abin da hasashen ambaliya ko na fari zai tsare, da yadda ƙwarewarka za ta shiga ciki. Akwai kuma tallafin Commonwealth, da DAAD na Jamus, da Erasmus Mundus na Tarayyar Turai, da Fulbright na Amurka. Kowanne da ranar rufewarsa, kuma kusan dukkansu na rufewa kafin jami'o'i su rufe nasu. Wanda ya jira sai gurbi ya fito sannan ya fara neman tallafi ya makara da shekara guda.

Kada ka gina lissafinka a kan aikin da za ka yi a can. Birtaniya na barin ɗalibi ya yi sa'o'i 20 a mako lokacin karatu, Jamus kuma cikakkun kwanaki 140 a shekara, amma kwas ɗin wata 12 mai aikin rubuta manhaja duk mako ba ya barin sarari mai yawa. A Jamus dai akwai mafita mai kyau: cibiyoyin lissafi da sassan jami'a na ɗaukar ɗalibai aikin taimakon bincike, ana biyanka kana koyo.

Mataki na biyar: takardu

Shaidar digiri da cikakkiyar takardar sakamako su ne suka fi cin lokaci, don ba a hannunka suke ba. Ka fara nemansu daga tsohuwar jami'arka tun kafin komai. Edinburgh na neman sakamakon da ya yi daidai da babbar daraja ta biyu, wato 2:1, tare da shaidar iya rubuta manhaja. Jami'o'in Jamus kuwa ƙirga darussa suke yi: za su duba yawan lissafi da kimiyyar kwamfutar da ka yi a digirin farko, su auna da ECTS, ma'aunin nauyin darussa na jami'o'in Turai, kuma in bai kai ba, kyawun sakamako ba zai cece ka ba. Don haka ka tanadi bayanin abin da kowane darasi ya ƙunsa. Da yawansu ta hannun uni-assist, cibiyar da ke tantance takardun ɗaliban waje, ake nema, ita ma tana ɗaukar makonni.

Jarrabawar Turanci, IELTS ko TOEFL, shekara biyu take aiki. Galibi ana neman maki 6.5 zuwa 7.0 a IELTS, tare da mafi ƙarancin maki a kowane sashe, kuma sashen rubutu ne ke yawan kayar da mutane. Wasu jami'o'in na yafewa ga wanda ya yi digirinsa da Turanci, wasu ba sa yi. Ka nemi amsar a rubuce.

Wasiƙar shaida biyu ko uku ake nema. Malamin da ya duba aikinka na ƙarshe kuma zai iya cewa ga abin da ka rubuta da hannunka ya fi babban farfesan da bai san fuskarka ba. Ka ba su wata guda aƙalla, ka haɗa musu da taƙaitaccen tarihinka da sunan kwas ɗin.

Sai wasiƙar bayyana manufa, inda aikin farantin ƙarfen nan zai biya ka. Masu tantancewa sun gaji da karanta cewa mai nema na sha'awar kwamfuta tun yana yaro. Ka buɗe da abin da ka yi: ka raba lissafin bazuwar zafi da OpenMP da MPI, saurin ya tsaya a ninki kaza, ka gano cikar hanyar ma'adana ce, kuma kana son sanin yadda abin zai kasance a kan ƙwayoyi dubu inda saƙonni tsakanin kwamfutoci za su zama babbar matsala. Ka ambaci darussa biyu na kwas ɗin da sunansu da dalilin da ya sa kake son su, sannan ka faɗi inda ka dosa bayan kammalawa. Shafi ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya wadatar. Kowace makaranta da tata wasiƙar, kuma ka duba sau biyu kada sunan wata ya maƙale a ta wata.

Mataki na shida: jadawalin lokaci

Tun ran gini tun ran zane. In kana son fara karatu a Satumba ko Oktoba, ka ƙirga baya wata 15. Daga Yuni zuwa Satumbar shekarar da ta gabata, koyo da aikin gwaji da neman takardar sakamako. Chevening kan buɗe a Agusta ya rufe cikin kaka. Jami'o'in Birtaniya kan buɗe wajen Oktoba, kuma gara ka nema da wuri don gurabe na cika. Digirin digirgir na Amurka galibi Disamba yake rufewa, Erasmus Mundus tsakanin Disamba da farkon shekara, na Jamus kuwa ya bambanta daga jami'a zuwa jami'a, wasu tun farkon shekara, wasu har Yuli.

Mataki na bakwai: biza

A Birtaniya sai jami'a ta ba ka lambar CAS, shaidar cewa ta ba ka gurbi, kafin ka nema. Za ka nuna ragowar kuɗin makaranta da kuɗin zama na wata tara, wanda a farkon 2025 ya kasance fam 1,136 a wata a wajen Landan, kuma ana ƙara shi lokaci zuwa lokaci. Dole kuɗin su kwana 28 a jere a asusu ba tare da sun yi ƙasa da adadin da ake buƙata ko da rana ɗaya ba. Wannan ƙa'idar ta jawo wa mutane da yawa ƙin biza. Akwai kuɗin lafiya na fam 776 a shekara, kuma da yake bizar kwas ɗin wata 12 na zarce shekara da 'yan watanni, na shekara ɗaya da rabi za ka biya. Tun Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu na aji ba ya zuwa da iyali a bizarsa. Wasu kwasa-kwasan kimiyya da injiniyanci na buƙatar takardar ATAS ta tantancewar tsaro, wadda kyauta ce amma tana ɗaukar makonni. Takardar gurbinka za ta faɗa in ana buƙata.

Jamus na neman ka zuba kuɗin shekara a asusun da ake kullewa, ana sakar maka wata-wata. Daga Satumbar 2024 adadin yuro 11,904 ne, wato 992 a wata, sai in kana da takardar tallafi. Babbar matsalar ita ce samun ranar ganawa a ofishin jakadanci, don haka ka shiga layi da zarar an ba da dama. Amurka kuma fom ɗin I-20 ne da jami'a ke bayarwa, da kuɗin rajistar ɗalibai ta SEVIS dala 350, da ganawa ido da ido don bizar F-1.

Mataki na takwas: bayan ka isa

A makon farko za a ba ka asusun shiga na'ura. Kwamfutar da kake sauka a kanta in ka shiga ta kowa da kowa ce, ta gyara rubutu da harhaɗa manhaja ce kawai. Wanda ya saki babban lissafi a kanta zai jawo wa ɗaruruwan mutane tsaiko, kuma wasiƙar masu kula da na'ura ba za ta yi daɗin karantawa ba. Aiki na gaske layi ake sa shi, galibi ta manhajar Slurm: ka rubuta adadin kwamfutoci da lokacin da kake so, ka tura da sbatch, ka duba da squeue, ka soke da scancel. Kowane ɗalibi da kason sa'o'insa. Ka gwada a ƙarami kafin ka tura babba, domin kuskuren harafi ɗaya a kan kwamfutoci 64 na iya cinye kason wata guda cikin dare ɗaya. Ana gab da ranar miƙa aiki layi kan yi tsawo, don duk ajin ne ke turawa lokaci ɗaya. Ka kuma tambayi wace ma'ajiya ake ajiye kwafinta, domin wurin aiki mai sauri a yawancin na'urori ba a yi masa kwafi, wasu wuraren ma share tsofaffin fayiloli ake yi.

In cibiyarku na tura tawaga gasar ɗalibai ta taron ISC a Jamus ko SC a Amurka, ka nemi shiga. Ɗalibai ne ke harhaɗa ƙaramar na'ura da kansu, su gudanar da manhajojin kimiyya a ƙarƙashin iyakar wutar da aka gindaya, kuma kamfanonin da ke ɗaukar ma'aikata na tsaye suna kallo. Tawagar Afirka ta Kudu ta lashe ta ISC fiye da sau ɗaya.

Aikin bincike na ƙarshe shi ne za a tambaye ka a kai a duk ganawar neman aiki. Ka zaɓi wanda ke da manhajar da mutane ke amfani da ita da gaske, da malamin da ke da lokacinka. Mayar da wata tsohuwar manhajar kimiyya ta yi aiki a kan GPU, alal misali, abu ne da cibiyoyi da yawa ke fama da shi yanzu.

Game da aiki, ƙofofin su ne cibiyoyin lissafi na jami'o'i, da hukumomin hasashen yanayi irin su ECMWF ta ƙasashen Turai, da kamfanoni irin su NVIDIA, AMD, Intel da HPE, da masana'antun makamashi, motoci, jiragen sama da bankuna. Wasu ƙofofin a rufe suke ga baƙo: na'urori irin su El Capitan ta Lawrence Livermore aikin makaman nukiliya suke yi, kuma ayyukan da ke buƙatar tantancewar tsaro na 'yan ƙasa ne. Jamus na ba wanda ya kammala wata 18 ya nemi aiki, Ailan har wata 24 ga mai digiri na biyu, Birtaniya kuma na da bizar masu kammalawa wadda ake ta sauya tsawonta, don haka ka duba ƙa'idar shekarar da za ka gama.

Asusunka na na'ura kan rufe jim kaɗan bayan ka miƙa kundin bincike. Kafin ranar, ka kwashe manhajarka da sakamakon awonka da rubutun da ka tura ayyuka da su, ka tambayi malaminka wane ɓangare aka yarda ka wallafa a fili, musamman in da hannun kamfani a aikin, sannan ka karɓi alkawarin wasiƙar shaida tun yana tune da abin da ka yi.